Alamar = Tsakanin Tarin Gaɓoɓi a XSLT da XPath: Tambayoyi da Amsoshi

A ɗan shagon kwamfutar da nake zama a Samaru, da zarar lokacin furojet ya kama sai tambaya ɗaya ta yi ta dawowa, kullum da sabuwar riga. Ɗalibi zai shigo da laftof a hammata, an ba shi aikin juya bayanan XML zuwa shafin HTML da XSLT, harshen da ake rubuta umarnin juyin da shi, wanda ke amfani da XPath wajen nuna abin da ake so a cikin fayil, ya ce, "Malam, don Allah duba min, wallahi daidai na rubuta amma ya ƙi." In na duba, galibi wuri guda ne. Ya sa alamar = ko != (wato "ba daidai ba") tsakanin abubuwa biyu, yana zaton ma'anarta irin wadda aka koya masa a firamare ce. Ga tambayoyin kamar yadda ake kawo min su.

Duk misalan a kan wannan ɗan fayil za su tsaya:

```
<makaranta>
  <dalibi lamba="07"><suna>Sani</suna><unguwa>Tudun Wada</unguwa></dalibi>
  <dalibi lamba="12"><suna>Binta</suna><unguwa>Samaru</unguwa></dalibi>
  <dalibi lamba="15"><suna>Sani</suna><unguwa>Kwarbai</unguwa></dalibi>
  <biya lamba="12" kudi="15000"/>
  <biya lamba="15" kudi="9000"/>
</makaranta>
```

Malam, mene ne ma tarin gaɓoɓin da kake yawan faɗa?

Injin da ke aikin juyi ba ya karanta fayil ɗin XML layi-layi. Yana ɗaukar sa kamar bishiya mai rassa, kowane yanki nata kuma ni gaɓa nake ce masa, kamar gaɓar rake. `dalibi` gaba ɗayansa, daga alamar buɗewa zuwa ta rufewa, gaɓa ce, irin wadda zan riƙa kira ƙunshi. `lamba="07"` ma gaɓa ce, ita sifa ce. Rubutun "Sani" shi ma gaɓa ne. XPath 1.0 ya lissafa iri bakwai, amma waɗannan ukun su za ka fi yin hulɗa da su.

Idan ka rubuta `//dalibi/@lamba`, wato hanyar da ke cewa a ɗauko sifar `lamba` ta kowane `dalibi`, abin da zai dawo maka tari ne na gaɓoɓi uku: 07, 12 da 15. Ko da gaɓa ɗaya tak hanyar ta samo, tari ne mai mutum ɗaya. In ba ta samo komai ba, tari ne fanko. A XPath 1.0, wanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar tare da XSLT 1.0 ranar 16 ga Nuwamba 1999, abubuwa iri huɗu kawai ake da su: tarin gaɓoɓi, rubutu, adadi, sai gaskiya-ko-ƙarya.

To idan na rubuta A = B, dukansu tari, me nake tambaya ke nan?

Kana tambaya ne: akwai wani a cikin A da ya yi daidai da wani a cikin B? Shi ke nan. Mutum ɗaya daga nan, mutum ɗaya daga can, in sun dace amsa ta zama gaskiya, sauran ko sun kai dubu ba ruwan injin da su.

Ka ɗauka kana da takardar sunayen waɗanda suka je ɗaurin aure a Gyallesu da ta waɗanda suka je suna a Tudun Jukun rana ɗaya. Alamar = tambayarta ita ce ko akwai sunan da ya fito a takardun biyu. A fayil ɗinmu `//dalibi/@lamba = //biya/@lamba` gaskiya ne, saboda 12 tana nan tana can, alhali Sani mai lamba 07 bai biya ko kwabo ba.

Wannan ya rusa wata doka da muka haddace tun muna yara, cewa in A daidai yake da B, B kuma daidai da C, to A daidai yake da C. Ka sa A ya ƙunshi 07 da 12, B ya ƙunshi 12 da 15, C ya ƙunshi 15 da 20. A = B gaskiya, B = C gaskiya, A = C ƙarya. Injin bai lalace ba, haka sashe na 3.4 na ƙa'idar XPath 1.0 ya tsara.

Wane abu ake kwatantawa a jikin gaɓar? Sunanta ko abin da ke cikinta?

Rubutun cikinta kawai. Ga sifa, abin da ke tsakanin alamomin zance. Ga ƙunshi, duk rubutun da ke cikinsa da cikin 'ya'yansa da jikokinsa, a manne bi da bi yadda suka zo a fayil. Rubutun cikin `dalibi` na farko shi ne "SaniTudun Wada", ba ko tazara a tsakani. Sifar `lamba` ba ta shiga lissafin, sunan ƙunshin ma bai shiga ba. Saboda haka `<suna>Samaru</suna>` da `<unguwa>Samaru</unguwa>` daidai suke a idon alamar =.

Tazara kuwa ana lissafa ta. "Samaru" da "Samaru " mai tazara a ƙarshe abu biyu ne, kuma a shafin HTML idonka ba zai taɓa ganin bambancin ba. `normalize-space()` ke share wannan.

Ni fa != ce ta ba ni kunya. Ba ita ce kishiyar = ba?

Ba ita ba ce, kuma ni ma ta ba ni kunyar da har yau in na tuna nakan ji wani iri.

Wata makaranta mai zaman kanta a nan Zariya ta ba ni aikin fitar da sunayen ɗaliban da ba su biya kuɗin zango ba, don a raba wa iyaye takardun tuni. Na rubuta:

`//dalibi[@lamba != //biya/@lamba]`

Na gwada a ɗan fayil na gwaji wanda rasit ɗaya tak ke cikinsa, ya fito tsaf. Ranar da aka kawo fayil na gaske babu wuta, janareta ake ja, mai makarantar yana tsaye a kaina yana duba agogo. Na danna, firinta ta fara zuba takardu. Sai da tarin ya yi kauri na ji jikina ya ba ni, na ɗauki ta sama. Sunan ɗiyar akawun makarantar ne, wadda shi da hannunsa ya yanka wa rasit. Ashe duk ɗaliban makarantar injin ya fitar a matsayin masu bashi. Mai makarantar ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Malam, wannan kwamfutar taka ba ta da tsoron Allah." Man janareta da takardu ni na biya.

Abin da ya faru shi ne != ita ma "akwai wani" take tambaya: akwai wani a nan da ya bambanta da wani a can? Ɗauki Binta mai lamba 12. Ta biya. Amma a cikin rasit akwai 15, kuma 12 ta bambanta da 15, don haka amsa gaskiya, Binta ta shiga jerin masu bashi. Muddin rasit sun kai biyu masu lamba daban-daban, babu ɗalibin da zai tsira. A gwajina rasit ɗaya ne, shi ya sa ramin bai nuna ba.

Abin da ya kamata in rubuta:

`//dalibi[not(@lamba = //biya/@lamba)]`

Karanta shi da Hausa: ɗalibin da babu wani rasit da ya dace da lambarsa. Wannan Sani 07 kaɗai zai fitar. Ita kanta ƙa'idar ta ja kunne a kan haka, ta nuna `$x="foo"` da `not($x!="foo")` ba ma'ana ɗaya ba ne (`$x` suna ne da aka ba wani tari): na farko yana cewa wani a cikin tarin ya dace, na biyu yana cewa kowa ya dace.

Tun daga ranar, duk inda na ga != kusa da hanyar da za ta iya dawo da fiye da gaɓa ɗaya, sai na tsaya na faɗi jimlar da Hausa a bakina. In "babu wanda" ta fito, `not(... = ...)` nake so. In "akwai wanda ba" ta fito, to != ce. Na biyun ba kasafai ake buƙatarsa ba. Wuri ɗaya da nake jin daɗinta shi ne `$a != $a`, wanda ke zama gaskiya idan akwai aƙalla ƙima biyu mabambanta a cikin tarin. `not($a != $a)` ke nan yana nufin duk bakinsu ɗaya.

Na gwada =, ƙarya. Na gwada !=, ita ma ƙarya. Ta yaya?

Ɗaya daga cikin tarin naka fanko ne. In babu kowa a ɗaki, ba za ka sami wanda ya dace ba, ba kuma za ka sami wanda ya bambanta ba. Har `//waya = //waya` ƙarya ne a fayil ɗinmu, tunda babu ƙunshi mai suna `waya`.

Wannan yana cizo idan kana neman ɗaliban da ba a rubuta musu lambar waya ba. `//dalibi[waya = '']` zai kamo wanda ke da `<waya/>` babu komai ciki, amma zai tsallake wanda ba shi da ƙunshin kwata-kwata. `//dalibi[normalize-space(waya) = '']` yana kamo su duka, saboda tari fanko in aka mayar da shi rubutu yakan zama rubutu fanko.

Kafin ka zargi alamar, bincika me ya sa tarin ya zama fanko. Ko dai kuskuren harafi ne, `Dalibi` a maimakon `dalibi`, ko kuma akwai `xmlns="..."` a saman fayil ɗin, wanda ke sa ƙunshin a cikin wani gidan suna (namespace). Masu aikin laburare da ke juya MARCXML da masu taɓa XHTML sun san wannan ciwon. A XPath 1.0 sunan da ba a sa wa ɗafa-goshi ba yana nufin ƙunshin da ba ya cikin kowane gidan suna, don haka `//record` ba zai ga komai ba sai ka bayyana gidan sunan a takardar juyinka, wato fayil ɗin XSLT, ka rubuta `//marc:record`. Injin ba zai yi ƙorafi ba, shiru zai yi ya ba ka ƙarya.

07 da 7: wani lokaci ya ce daidai suke, wani lokaci ya ce a'a.

Ya danganta da abin da ke ɗaya gefen. `@lamba = 7` gaskiya ne ga Sani na farko, don in gefe ɗaya adadi ne sai a mayar da rubutun kowace gaɓa adadi, 07 ta zama 7. `@lamba = '7'` ƙarya ne, rubutu ne da rubutu. Tari da tari ma a matsayin rubutu ake gwada su, ko da duk abin da ke ciki alkaluma ne. Wanda ya taɓa ganin yadda Excel ke cinye sifirin farkon lambar waya ya san inda irin wannan saɓanin ke fitowa: rajista ta ce 07, rasit ya ce 7. Maganinsa `number(@lamba) = //biya/@lamba`, wanda ke tilasta wa ɗaya gefen ma ya zama adadi.

Sai batun kuɗi. In akawu ya rubuta `kudi="15,000"` da waƙafi, ko ya sa N a gaba, XPath 1.0 ba zai iya mayar da shi adadi ba, sai ya zama NaN, wato "ba adadi ba". Bisa tsarin IEEE 754, NaN ba ya daidai da komai, har da kansa. `@kudi = 15000` ƙarya, `@kudi != 15000` gaskiya, kuma babu saƙon kuskure. `translate(@kudi, ',N', '')` zai cire waƙafin da harafin kafin a gwada.

Na rubuta `@biya = true()`, wanda aka sa wa `biya="false"` ma ya fito.

Idan gefe ɗaya gaskiya-ko-ƙarya ne, ba a leƙa cikin gaɓoɓin sam. Ana duba ko tarin yana da kowa ne kawai. Sifar tana nan, ta zama gaskiya. Rubuta `@biya = 'true'`. A nan ne kaɗai tari fanko ke iya ba da gaskiya: `//waya = false()`.

Sani biyu ne a fayil ɗin. Yaya zan gane ko gaɓa ɗaya nake riƙe da ita ko takwarori ne?

Kama da wane ba wane ba ne. `//dalibi[1]/suna = //dalibi[3]/suna` gaskiya ne, amma ɗaya ɗan Tudun Wada ne ɗaya ɗan Kwarbai. Alamar = ba ta iya bambance takwara da mai suna. XSLT 1.0 yana da hanyoyi biyu.

Ta farko `generate-id($a) = generate-id($b)`. Injin yana ba kowace gaɓa wata lambar shaida tata ita kaɗai. Ta biyu `count($a | $b) = 1`. Alamar | tana haɗa tari biyu, kuma tari ba ya ɗaukar gaɓa ɗaya sau biyu, don haka in ka haɗa ka ƙirga ka sami ɗaya, gaɓar ɗaya ce.

Kowace tana da raminta. `generate-id()` in aka ba shi tari fanko rubutu fanko yake dawowa da shi, sai fanko biyu su fito a matsayin abu ɗaya. In aka ba shi tari mai yawa, na farko kawai yake dubawa. Hanyar ƙirga ita ma za ta ce ɗaya idan gefe guda fanko ne, gefe guda mai gaɓa ɗaya. Ka ƙara `$a and $b and` a gaba in akwai shakka. Kar kuma ka adana lambar da `generate-id()` ya ba ka don amfanin gobe, ba a yi alkawarin za ta sake fitowa haka ba. Kuma shi na XSLT ne, ba ya cikin XPath tsantsa, don haka mai rubuta XPath a cikin burauza ko Selenium hanyar ƙirga ce tasa.

To ni tari biyun gaba ɗaya nake so in san ko ɗaya suke.

Sai ka fara tantance wane "ɗaya" kake nufi, don Hausa ma kalmar tana ɗaukar biyu. In gaɓoɓin ne kansu, su ɗin dai:

`count($a | $b) = count($a) and count($a) = count($b)`

In ƙimominsu ne, wato duk abin da ke nan akwai irinsa can, duk abin da ke can akwai irinsa nan:

`not($a[not(. = $b)]) and not($b[not(. = $a)])`

Yana da ban tsoro a ido, amma karanta rabin farko a hankali: babu wani a A wanda ba shi da na daidai a B. Rabi na biyu juyinsa ne. Ka lura bai damu da maimaici ba. A mai Sani biyu da B mai Sani ɗaya za su wuce a matsayin daidai.

Daga dabarar ƙirga ake samun waɗanda ke cikin tari biyun duka: `$a[count(. | $b) = count($b)]`. Ana jingina wannan ga Michael Kay, mai injin Saxon. In ka mayar da = ta zama != za ka sami na A da ba sa cikin B, kuma a nan != ba ta da haɗari tunda adadi ne da adadi.

Ƙasimu da Kasimu fa? Da Sa'adatu da ta ƙi fitowa?

Wannan namu ne na gida, ba za ka same shi a misalan Turawa ba. XPath 1.0 harafi da harafi yake gwadawa bisa lambar Unicode. Ƙ lambarsa U+0198, K kuwa U+004B, babu dangantaka tsakaninsu a wurin injin. Haka ɗ da d, ɓ da b. Rajistar da aka buga a waya mai allon Hausa za ta ce Ɗanladi, rasit ɗin da aka buga a tsohuwar kwamfutar ofis ya ce Danladi, alamar = ta ce ba ta san zancen ba.

Don bincike kawai, kana iya miƙe lanƙwasar:

`//suna[translate(., 'ƙɗɓƘƊƁ', 'kdbKDB') = 'Kasimu']`

Na ce don bincike kawai. Kar ka miƙe su a ainihin bayanan, in ba haka ba baƙi da baki za su zama ɗaya, ƙasa da kasa ma haka. `normalize-unicode()` na XPath 2.0 ba zai yi maka wannan aikin ba, don haruffan masu lanƙwasa haruffa ne masu zaman kansu. Inda yake da amfani shi ne rubutun da aka sa wa alamar karin sauti, irin na masu nazarin harshe, inda à kan zo a harafi ɗaya ko a harafi biyu manne.

Sa'adatu kuwa, alamar hamzar ce ke ɓoye ta. Uku ake gani a rubutunmu: miƙaƙƙiya U+0027 da ke kan allon kwamfuta, lanƙwasasshiya U+2019 wadda Word ke musanya maka da kansa, da U+02BC. A ido kusan ɗaya, a injin uku. Haka 'yan da muke rubutawa a Nijeriya da ƴan na rubutun Nijar. Wajen rubuta sunan a cikin sharaɗi ma akwai ƙaramin tarko, tunda hamzar ita ce kuma alamar rufe zance. Kewaye shi da ɗaya irin alamar: `test="suna = &quot;Sa'adatu&quot;"`.

Zaria, Zariya da Zazzau kuwa babu umarnin da zai haɗa su. Ka yi ɗan jeri na duk yadda ake rubutawa, ka zuba a `$sunayenGari`, ka rubuta `gari = $sunayenGari`. Ka ga a nan halin alamar = ya yi maka rana.

Ashe dai tana da amfani? Ni na ɗauka kuskure suka yi wajen tsara ta.

Da gangan suka yi, kuma a ganina sun kyauta. Bayanan XML cike suke da abubuwan da ke zuwa sau ɗaya, ko sau da yawa, ko ba sa zuwa. Littafi na iya samun marubuci ɗaya ko uku. `//littafi[marubuci = 'Abubakar Imam']` zai kamo littafin ko shi ne na farko a jerin marubutan ko na ƙarshe, ba tare da ka rubuta zagaye ba. Abin da SQL ke yi da `IN` ko haɗa tebura, nan alama ɗaya ce. Inda nake ganin laifinsu shi ne barin != ta yi kama da kishiya alhali ba ita ba ce.

Da wannan halin ake cire maimaici: `//unguwa[not(. = preceding::unguwa)]` yana ba ka kowace unguwa sau ɗaya. Sai dai yana da nauyi. Kowace gaɓa sai an gwada ta da na bayanta, in bayanai 10,000 ne kuma galibinsu mabambanta, gwaji ya doshi miliyan 50. Laftof ɗinka zai yi zafi batir ya ƙare kafin a kawo wuta. Hanyar da ta fi sauri ita ce wadda ake kira da sunan Steve Muench:

`<xsl:key name="u" match="dalibi" use="unguwa"/>`

`//dalibi[generate-id() = generate-id(key('u', unguwa)[1])]`

`key()` yana tara masu unguwa ɗaya bisa ƙima, `generate-id()` kuma yana zaɓo na farkonsu bisa shaida. Ma'anoni biyun nan na "ɗaya" suna aiki tare a layi guda.

Ina cikin `for-each` a kan ɗalibai, na rubuta `//biya[@lamba = @lamba]`, duk rasit suna fitowa.

A cikin sharaɗin, `@lamba` duka biyun na `biya` ne, kana gwada abu da kansa. Na ɗalibin da kake kansa `current()/@lamba` ne.

Me ya sa = ke duba kowa, amma `contains()` yake tsallake wasu?

Saboda alamomin kwatance suna da wannan halin na zagaya tari, `contains()` kuwa ba shi da shi. Umarnin da ke jiran rubutu, irin su `contains()`, `starts-with()`, `translate()` da `normalize-space()`, in ka miƙa musu tari a XPath 1.0 gaɓar farko suke ɗauka su watsar da saura, ba sallama. `contains(//suna, 'Bin')` ƙarya ne, don Sani kawai ya gani. `//suna[contains(., 'Bin')]` shi ke bin su ɗaya-ɗaya.

`xsl:value-of` ma haka yake a XSLT 1.0, kuma wannan ke rikita masu neman kuskure. Ka buga `$a` ka ga Sani, ka buga `$b` ka ga Binta, amma `$a = $b` ya ce gaskiya. Na farkon kowane tari kawai aka nuna maka, waɗanda suka dace suna can ƙasa.

Alamomin girma da ƙanƙanta fa?

Su ma "akwai wani" ne, sai dai a XPath 1.0 kullum adadi suke mayar da komai. Mafi girman biya shi ne wanda babu wanda ya fi shi: `//biya[not(@kudi &lt; //biya/@kudi)]`. A cikin fayil ɗin XSLT dole ka rubuta `&lt;`, don alamar < ta XML ce. Kwanan wata irin 2024-01-05 NaN yake zama, sai ka cire karan tsakiya da `translate()` ya koma 20240105 kafin ya gwadu.

An ce XSLT 2.0 ya gyara duk wannan.

Ya ƙaro kayan aiki, amma = da != suna nan da halinsu na "akwai wani". XSLT 2.0 da XPath 2.0 sun fito a Janairun 2007, XSLT 3.0 a Yunin 2017. Abin da ya canza shi ne yanzu kowace tambaya ta sami kalmarta.

`eq` da `ne` abu ɗaya da abu ɗaya suke gwadawa. In gefe guda ya zo da fiye da ɗaya, injin ya tsaya da kuskuren XPTY0004. Da `ne` na yi amfani ranar makarantar nan, da firinta ba ta ja ko takarda ɗaya ba. `$a is $b` ya maye gurbin wasan `generate-id()`. `intersect` da `except` sun maye gurbin dabarar ƙirga, `distinct-values()` da `xsl:for-each-group` sun sauke nauyin cire maimaici. Kana iya faɗin nufinka a fili da `some $x in $a satisfies ...` ko `every $x in $a satisfies ...`, sai dai `every` a kan tari fanko gaskiya yake bayarwa.

Sai `deep-equal($a, $b)`, wanda shi ne abin da galibin masu zuwa wurina suke zaton = ke yi. Yana gwada na farko da na farko, na biyu da na biyu, da sunaye da sifofi da 'ya'ya har ƙasa. Jerin 'ya'ya yana da muhimmanci a wurinsa, jerin sifofi ba shi da shi. Tazarar da ke tsakanin ƙunshi da ƙunshi ma yana lissafa ta, don haka fayil biyu da suka bambanta a tsarin layi kawai za su iya faɗuwa in ba ka sa `xsl:strip-space` ba.

Ka yi hattara ranar da za ka canza `version="1.0"` zuwa `"2.0"` a tsohuwar takardar juyi. `kudi="15,000"` da a da yake wucewa shiru a matsayin NaN yanzu zai tsayar da aikin da FORG0001 idan ka gwada shi da adadi, wannan alheri ne. Wanda ba alheri ba shi ne layin neman mafi girman biya na sama. A 2.0, gaɓa da gaɓa marasa nau'i a matsayin rubutu ake jera su ko da alamar < ce, kuma a jerin rubutu 15000 yana gaban 9000 tunda 1 ta riga 9. Sai layin ya ce maka 9000 ne mafi girma, babu saƙon kuskure. A can `max(//biya/@kudi)` za ka rubuta.

Yaya zan san wanne nake amfani da shi?

Sa `<xsl:value-of select="system-property('xsl:version')"/>` a takardarka, ka ƙara na `xsl:vendor` in kana son sunan injin. Abin da ke zuwa cikin burauza 1.0 ne. Haka libxslt, wanda `xsltproc` da PHP da lxml na Python ke hawa kansa, haka wanda ke zuwa tare da Java da kuma XslCompiledTransform na .NET. Galibin furojet ɗin da ake kawo min a kan ɗaya daga cikin waɗannan suke, shi ya sa na daɗe a kan 1.0. Mai son 3.0 ya sauko da Saxon-HE, kyauta ne.

In abin ya rikice min ba ka kusa, daga ina zan fara?

Buga `count()` na gefen hagu da na gefen dama kafin komai. Sifiri a kowane gefe, koma ka duba harafi da `xmlns`. Fiye da ɗaya a kowane gefe, duba ko akwai != ko `contains()` a layin. In ɗaya da ɗaya ne amma har yanzu ya ƙi, buga kowace ƙima tsakanin alamomi biyu tare da tsawonta, kamar `concat('|', ., '|', string-length(.))`, tazarar da ta ɓuya za ta fito. Fayil ɗin gwajinka kuma ya kasance da aƙalla rasit biyu masu lamba daban, da ɗalibi ɗaya da ba shi da rasit, da ɗaya mai hamza a sunansa.